Gumin Shinkafa a Ƙirjin Kulu

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba ni mantawa da ranar da ramin yumɓu ya rufta da Kulu. Ku da kunka kama aiki jiya-jiya, ku matso ku ji.

Lokacin ina atanda a asibiti nan Argungu. Atanda tana ƙasa da nas: mu ke gyaran gado, mu ɗaga majinyaci, mu wanke shi. Ban yi boko ba, amma duk sa'ad da motar asibiti za ta hita, ni Sista Hajara ke kira, don ba ni da tsoro kuma ba ni da ƙyama.

Wata damina ce, an kwana ana ruwa. Da hantsi wani ya zo bisa babur ya ce gaɓa ta rufta da mace a wani ƙauye gaba da Gulma. Kulu sunanta, maginiyar tukwane. Ta shiga ramin da suke ɗibar yumɓu a bakin gulbi, ƙasa ta jiƙa, ta zubo mata.

Munka iske maza tsaye bisa tulin ƙasar suna sara da fartanya. Sista ta daka musu tsawa: "Ku sauko! Kuna ƙara mata nauyi!" Ta sa anka koma tono daga gefe, ta wajen gangare. Da zane ya bayyana ta ce a aje ƙarfe, sai hannu. Kuma ba a ja, ko da an ga ƙafa. Fuska ake nema tukuna.

Ni na kai ga kanta. Masakin da take zuba yumɓu ya kife mata bisa fuska. Na ɗaga shi. Ido rufe, leɓe ya yi toka-toka.

Uwarta, Inna Ige, ta kutso ta taɓa mata goshi, ta ɗora hannu a ka. "Ta yi sanyi! Ɗiyata ta tahi!" Mata sunka ɗauki salati, wata har ta kwance mayafi za ta rufe ta.

Sista ba ta ko dube su ba. Ta ce da ni, "Iya Hassi, sa yatsa bakinta. Akwai laka?"

Na sa, na zagaya. "Babu, Sista. Hanci ma tas."

"To ta samu iska cikin masakin ga. Ki tsare mini mutanen nan."

Ga dalili, don ku riƙe. Wanda ƙasa ta toshe wa baki da hanci, ba ya daɗewa. Wanda ya samu ɗan sarari gaban fuska, shina iya jimawa, sai dai jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zuƙe mishi ɗumin jiki, numfashi ya yi ƙasa har a ɗauka babu shi.

Na tare mai mayafi na ce, "Maida abinki, baiwar Allah, ba a kira ki ba."

Inna Ige ta ce, "Ke wace ce za ki hana ni kukan ɗiyata?"

Na ce, "Inna, in ta tabbata, ni zan taya ki, kuma na fi ki murya. Yanzu dai ki yi shiru Sista ta ji ƙirji."

Wuri ya yi tsit, sai ƙarar gulbi. Sista ta daɗe da abin sauraro a kunne, sannan ta ce, "Tana bugawa."

Munka zare ta a kwance, kamar mai ɗaukar ɗanyar tukunya. Munka cire jiƙaƙƙen zane, anka sa mata ruwa a jijiya. Mata sunka taso za su murza mata ƙafafu, Sista ta hana. In an murza, jinin sanyi ya ruga zuciya ya tsai da ita. Ƙirji da hammata ake ɗumamawa, sannu a hankali.

Sista ta ce, "Mi ke da zahi nan kusa?"

Wata ta ce, "Na sauke gumi yanzun ga." Shinkafa ke nan da anka turara da ɓawonta, tana tururi. Anka zuba cikin 'yan buhuna, munka naɗe da zannuwa don kar ta ƙona fata, munka jera mata a ƙirji da hammata. Haka munka sa ta mota, Inna Ige na riƙe da hannunta.

Muna gab da shiga Argungu Kulu ta fara karkarwa. Inna ta firgita, Sista ta yi murmushi: jikin da ke karkarwa ya dawo faɗa. Can Kulu ta motsa baki. Na kai kunne.

Ta ce, "Wa ya bar gumi bisa wuta? Shina ƙonewa."

Inna Ige ta fashe da kuka tana dariya. "Ja'ira! Daga bakin kabari sai zancen shinkafa!"

Ƙafa guda ta karye, anka ɗaure. Kafin kaka ta koma ginin tukwanenta.

Abin da na koya ke nan, 'ya'yana. Mutanenmu suna da saurin tawakkali, kuma abu ne mai kyau, amma mai aikin asibiti ba ta riga Allah yanke hukunci. In kun taɓa jiki kun ji sanyi, ku duba baki, ku kasa kunne, ku nemi ɗumi. Kuka ba ya tsami. Ko gobe anka yi shi, bai makara ba.