Gwada Min Irin Nan

Jiya aka yi ruwan shuka a Dandume, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna min da marigayi tsohon nan maƙwabcinmu. Shekarar da yunwa ta sa muka cinye irin da muka ajiye, ya shigo mana da tiya biyu ta dawa, tana warin hayaƙin madafa. Babana ya sunkuyar da kai don kunya.

Tsohon ya ce, "Malam, taimaka ka gwada min irin nan a gonarka, ban san halinsa ba."

Alhali tun yana saurayi dawar nan yake shukawa. Sai a zaman makokinsa muka gane rabin unguwa sun yi masa wannan gwajin.

Bana ma wasu sun cinye irinsu, ba mai yi musu sallama da tiyar dawa. Allah Ya rufa masa asiri gobe kiyama kamar yadda ya rufa mana.