Guɗar Umma a Stratford

Ƙanena, autan gidanmu, mai busa saksofon ne. Umma ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba, algaitar Turawa take cewa. A wurinta mai busa maroƙi ne, ko da a London aka haife shi. Ya yi shekaru yana gayyatarta wasansa, kullum sai ta ce ƙafarta na ciwo.

Ranar da ta yarda wata Lahadi ce da yamma, a wani ƙaramin zaure a Stratford. Na je Thamesmead na ɗauko ta a bas. Ta ci ado kamar za ta biki, har da turare. A hanya na ja mata kunne cewa wani mai sharhin kiɗan jaz zai zo, wanda in ya yabi makaɗi sai gidajen wasa su fara nemansa. Saboda shi Auta ya kwana biyu bai ci abin kirki ba.

"To ni ina ruwana da shi?" in ji Umma. "Zama kawai zan yi."

Masu sauraron jaz suna da ƙa'idarsu. Sai mutum ya gama busansa ake tafi, kafin nan ko tari ba a so. Mai sharhin yana zaune a gefe, wani dattijon Bature mai gilashi, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Can tsakiyar wasa Auta ya shiga wani busa mai sanyi da shi ya tsara. Mai ganga ya ajiye sandunansa. Sautin ya yi ta yin ƙasa har ana jin numfashinsa a cikin ƙarfen. Nan na gane karin, waƙar da Umma take yi tana wanke-wanke ce tun muna yara. Ita ma ta gane. Ban ankara ba ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Matar da ke gabanmu ta zubar da shayinta. Auta ya ɗan sarƙe, sannan ya ci gaba. Ni kam ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da sharhin ya fito, mutumin ya ce yaron yana da kunne amma da sauran aiki a gabansa, kuma wuri mafi daɗi a wasan wata mai sauraro ta ɓata shi da ihu. Wai ihu! Haushi ya cika ni, duk da ni ma kunyar na ji a ranar. Umma ta matsa sai na fassara mata, ban kuwa rage komai ba.

"Shi ke nan, na ɓata wa yaro sana'a," ta ce. "Ba zan ƙara zuwa ba."

Ranar na fara jin ta kira abin sana'a.

Auta ya zo gida ya durƙusa a gabanta da gurguwar Hausarsa. "Umma, na yi booking ɗin kujerarki, Lahadi mai zuwa. Don Allah." Ta ƙi, ya nace, da ƙyar ta yarda. Ranar Lahadin ta zaɓi kujerar can baya, ta rufe baki da mayafi tun kafin a fara. Mai sharhin bai zo ba, Auta bai ma waiga inda ya zauna wancan karon ba.

Da ya kai daidai wurin nan, sai ya zare saksofon daga bakinsa, ya sauke shi, ya zuba wa bayan zauren ido. Mai ganga ya tsaya.

Na taɓa hannunta. "Umma, ke fa ake jira."

Ta share ido da gefen mayafin, ta janye shi daga bakinta, ta kama hanci.