Katin da Baffa Ya Ɗaga wa Rana

Jiya wata ɗalibata ta tambaye ni ko gaskiya ne a zamaninmu sai an huda kati kwamfuta take jin magana. Ina amsa mata Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

Baffa ba ya yarda da abu sai ya ɗaga shi ya duba a rana: ƙwai, yadi, har takardar asibiti da bai iya karantawa ba.

A shekarun saba'in aka gayyace ni taron masana a Ibadan, in gabatar da bincikena kan hasashen damina da kwamfuta, wanda na huda a katuna. Na je garinmu Toranke neman izini, riƙe da katunan. Mahaifina ya ƙi. Ya ce an samo mini koyarwa a Gaya, ƙato mai digiri ba zai ƙare a huda takarda kamar gara ba.

An ɗauke ruwan farko ke nan, ƙasa tana ƙamshi. Baffa ya karɓi kati ɗaya, ya tsaya a ƙofar zaure, ya kanne ido. Haske ya zubo ta hudojin, ɗigo-ɗigo a gemunsa.

"Idi, ai shuka ce," ya ce wa mahaifina. "Ga layi, ga rami."

"Yaya, wannan fa ba ta tsiro."

"Taka ma bara ba ta tsiro ba. Wa ya kore ka daga gona? Bar yaro ya tafi."

Mahaifina ya yi dariyar dole. Na tafi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa duk abin da ya shuka ya tsiro masa a can.