Katin Alhaji da Na Wanke

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da katin wani Alhaji maƙwabcinmu a unguwar Gidan Igwai. Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai sun ɓarke, duk wanda ya iya sa hannu a takarda ya zama ɗan kwangila. Ni kuwa ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti a Sakkwato. Likita zai rubuta ciwo da Turanci, ni in buɗe wani littafi mai kauri in nemo lambar ciwon, in rubuta a kusurwar kati.

Akwai lamba ɗaya da kowa ke gudu, ta ciwon sanyin da ake kwasowa a yawon banza. Katin da ya samu wannan lamba akwatinsa daban, kuma wata nas ce ke aikawa a kira matar mai katin, ita ma a yi mata allura. To, mu 'yan ɗakin kati muna da tamu al'ada, mun sa mata suna rufin asiri. Talaka dai lambarsa ake ba shi. Babban mutum kuwa sai a yage katin, a buɗe sabo, a sa masa lambar zazzaɓin cizon sauro. Har wani likita Ba'indiye ya taɓa cewa bai taɓa ganin sauro mai zaɓe irin na Sakkwato ba, ba ya cizon kowa sai 'yan kwangilar da suka dawo daga Ikko.

Wata Talata sai ga Alhaji a tagata ta ɗakin kati, ya sha babbar riga, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Mutumin da ba a raba shi da sahun gaba, wanda in ya ga ɗankwalin yarinya ya zame sai ya yi mata wa'azin awa guda. Ya sunkuyo ya ce, "Ɗana, lambar ga da za ka sa, mi taka nuhi?"

Na ce, "Za a kira Hajiya ne, Alhaji."

"Hajiya ba ta san komi ba, kuma lahiyatta lau. Ni an yi min allura, na warke. Ka ruhe min asiri, Allah shi ruhe naka."

Ban ko yi gardama ba. Har daɗi na ji, wai babban mutum ya roƙe ni. Na yage katin, na ba shi zazzaɓi, na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Bayan wata takwas aka kawo Hajiya ranga-ranga da ciwon mara. Shekararta biyu da aure, tana ta neman haihuwa. Aka yi mata aiki, likita ya ce ciwon ya daɗe yana cinta, batun haihuwa kuma sai dai haƙuri. Ya ce a kawo masa katin mijin. Ni na kai da hannuna. Ya duba, ya ga mutum tsaf, zazzaɓi kawai ya taɓa yi. Sai ya juya ya yi wa Hajiya wani kallo, ya rubuta ciwon sanyin a katinta, ya miƙo min in sa lamba. Na tsaya da alƙalami a hannu, kalma ɗaya ta ishe ni in wanke ta, amma ina tsoron aikina. Na rubuta lambar, katinta ya shiga akwatin nan.

Ranar da aka sallame ta, ta tsaya a tagata tana dafe da ciki, ta ce, "Malam, Allah shi saka. Alhaji ya ce kai ka tsaya mishi sadda zazzaɓi yak kama shi." Na ce amin, kunya kamar ta kashe ni. Wata biyu bayan haka Alhaji ya sake ta, yana gaya wa mutane wai a asibiti aka gano halinta.

Na yi shekara talatin a ɗakin nan ban ƙara canza lambar kowa ba. Na gane cewa in ka goge laifi daga katin mai shi, bai gogu ba, katin wani ka kai shi.