Sa Hannun da Na Yi Ban Gwada Ba

Akwai wata Talata da har yau in na tuna ta raina sai ya ɓaci. Lokacin ina jami'in fasaha a mataki na takwas, ni ke kula da ɗakin jarrabawar kwamfuta na ofishinmu a GRA. Ranar malaman firamare ne suka zo jarrabawar ƙarin girma.

Minti ashirin da farawa, kwamfutocin layin baya duka suka daina samun tambayoyi. Na ruga wurin siwic, wato akwatin da kebul ɗin kowace kwamfuta ke shiga. Fitilun layin nan a mace. Na canja masu rami, na sake matse kawunan kebul, na kashe na kunna, shiru. Na'urar gwaji ta nuna wayoyin sun katse a wani wuri a tsakani.

Na kafa tsani na leƙa silin. Ashe guntayen kebul ɗan kwangila ya tattaro, ya murɗe su da hannu, ya naɗe da salatif. Zafin kwano ya sa suka saki.

Abin da ya fi ƙona mani rai, ni na karɓi aikin. Ranar da ɗan kwangilar ya miƙa aikin na nemi in gwada kowane layi, Darakta ya ce mani, "Malam Sani, mutumin nan namu ne. Kunna kwamfuta biyu ka gani, ka sa hannu." Na kuwa sa.

Ina saukowa wata dattijuwa, Malama Hadiza daga Batagarawa, ta tare ni. "Ɗana, lokacina na tafiya. Shekara shida ina jiran wannan rana, baɗi zan yi ritaya. Mi zan yi?"

Na kasa haɗa ido da ita.

Na ja sabon kebul ta ƙasa ina zufa, amma kafin in gama lokaci ya cika, jarrabawa ta rufe. Muka roƙi hedikwata, suka ce ba a buɗewa sau biyu.

Na kwaso guntayen na zube wa Darakta a kan tebur. "Ranka ya daɗe, ga aikin mutuminmu."

Ya dube su, ya dube ni. "Wa ya karɓi aikin?"

Washegari takardar tuhuma ta iso, da sunana ni kaɗai. Malama Hadiza kuwa a matakinta ta bar aiki.

Ku da kuka shigo bayanmu, ku ji ni da kyau. Kebul ɗin da ba ku gwada ba, kada ku yarda yana aiki, ko wa ya ce. Wanda ya matsa maku da baki zai manta ya yi, kuma wanda zai cutu galibi bai ma san silin ɗin yana da waya ba.