Ɗinkin da Na Yi wa Nunus

Ɗiyata tana da 'yar tsana mai gashi, nunus, wadda na saya a gwanjon kasuwar Kilomita Biyar. Da cikinta ya yage, na cusa mata audugar tsohuwar katifarmu na ɗinke. Daga nan ƙuraje suka feso wa yarinyar, na canja sabulu har na gaji.

Ranar da likitan dabbobi ya zo duba akuyarmu, yarinyar ta miƙa masa nunus. "Baba, ita ma ba ta da lafiya."

Ya yi dariya, ya baje gashin kamar mai neman kaska. Sai dariyar ta ɗauke. Kuɗin cizo ne jere a ɗinkin.

"Hajiya, wa ya yi mata wannan tiyata?"

Na yi salati, da ƙyar na ce, "Ni ce."