Shaidar Maƙwabcin Gado

Har gobe ban manta da safiyar da muka kewaye gadon Baba Ishaya muna roƙonsa ya faɗi gaskiya ba. Lokacin ina nas a ɗakin maza na wani asibiti a Funtuwa.

Baba Ishaya manomi ne daga Ƙarfi, dattijon coci, mai kamun kai. Da ya fara ganin jini a bayan gida sai ya ce basir ne, ya yi ta shan jiƙo. 'Yarsa ce ta matsa aka kai shi Zariya, aka leƙa hanjin da na'ura. Ashe ciwon daji ne a babban hanji, amma Allah ya sa bai yaɗu ba. Aka dawo da shi asibitinmu, likitanmu ya yanke wurin, ya ɗinke hanjin.

Ku sababbin ma'aikata ku sani, bayan irin wannan tiyata muna jiran hanji ya farfaɗo, alamarsa kuwa majiyyaci ya yi tusa. Likita ya ce kada a ba Baba abinci sai ta fita. In ta ƙi, ana tsoron toshewa.

Kullum in na ce, "Baba, iska ta fita?" sai ya kalli rufi ya ce, "Haba 'yata, ni fa sa'an babanki ne. Babu."

Rannan likita ya ɗaure fuska. "Sista, shirya robar da za a zura masa ta hanci, a sake hoton ciki. Wataƙila mu koma tiyata." Matarsa, Mama Rahila, ta fara hawaye.

Sai Alhaji Sule, mutumin Tsiga da ke gadon kusa, ya yi gyaran murya. "Likita, a gafarce ni. Tun jiya da la'asar ake yi. Ni ganau ne, har taga na sa aka buɗe."

Baba ya ja bargo ya rufe fuska. Daga ciki muka ji, "Alhaji, haka ake maƙwabtaka?"

"Gara in tona ka da a sake farke ka, Malam Ishaya."

Likita ya taɓa cikin, ya ji taushi, ya ce a kawo kunu. Baba ya warke, daminar nan ma ya yi noma, yana kuma zuwa dubawa.

Laifin ba nasa kaɗai ba ne: a bainar jama'a nake tambayarsa, ban kuma gaya masa dalili ba. Mutanenmu suna iya jure wuƙa, kunya ce ba sa jurewa. Yanzu labule nake ja, in yi bayani a hankali. In dattijo ya kafe duk da haka, sai in je gaida na gadon kusa.